Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Ƙaramin Layin Dogonmu da Hotunansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa mambobi, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda aka ɗora wa ofishin sakatare ya rubuta. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro.

Babban aikin bana shi ne teburin ƙungiya, wanda muke shimfiɗa ƙaramin layin dogo na kwaikwayo a kansa, da ke ɗakin ƙofar gidan mataimakin shugaba a Unguwar Rimi. A taron bara mun tsayar da shawarar daina jera kaya yadda suka fito daga kwali, da gidajen Turai da itatuwan da ba mu taɓa gani a ƙasarmu ba, mu gina abin da ɗan Kaduna zai kalla ya ce nan garinmu ne. Muka zaɓi yankin tsohuwar tashar Kaduna Junction da gadar jirgi da ke kan Kogin Kaduna. Ba a yi doguwar muhawara a kan wannan zaɓi ba, domin garin nan a jikin dogo ya tashi. Layin da ya faro daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, daga baya kuma layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da shi a nan. Da yawa daga cikinmu jikokin ma'aikatan reluwe ne.

Inda aka sha mahawara shi ne maganar ma'auni, kuma ya kamata a rubuta ta saboda waɗanda suka shigo daga baya. Kusan duk kayan da ke hannun mambobi na ma'aunin HO ne, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Wannan faɗi ya yi daidai da sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda ya taso daga Idu ya tsaya a Rigasa, mai faɗin milimita 1,435. Amma tsohon layin da muke kwaikwayo faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Idan aka raba wannan da 87, abin da zai fito bai wuce milimita 12 da ɗan kaɗan ba. Ke nan dogonmu ya fi yadda ya kamata faɗi da kusan milimita huɗu. Wasu suka ce a sayo dogo mai milimita 12 a sake komai. Wasu suka kawo shawarar a bar dogon yadda yake, a ƙera taragu da hannu a ma'aunin 1 cikin 64, tunda 1,067 in aka raba shi da 64 yana faɗowa kusan kan faɗin dogon da muke da shi, kuma haka masu wannan sha'awa suke yi a New Zealand, inda layinsu yake da faɗi irin na tsohon namu. Kwamiti ya duba aljihun mambobi ya tsaya a kan HO don teburin ƙungiya, ya kuma ba matasa izinin gwada hanya ta biyu a gefe. A ganina hukuncin ya yi daidai. Inji ɗaya mai kyau yana cin kuɗin da ba kowa ke iya haɗawa a shekara ba, bai kamata mu ce wa mutum ya jingine nasa ba.

Teburin bai zama falle ɗaya ba. An yanka filawud gunduwa-gunduwa, kowace santimita 120 a tsayi da 60 a faɗi, yadda za ta fita ta ƙofar ɗaki ta kuma shiga Keke Napep. Ƙafafun ƙarfen a Panteka aka yi mana waldarsu, kuma mun zaɓi ƙarfe ne saboda gara. Kowane katako an shafe shi da fenti ciki da baya har da bakinsa, domin teburin bara da ba a yi wa haka ba ya sha danshin damina ya kumbura, dogon ya kantare, jirgi ya riƙa sauka a kwana.

Aikin ƙasa shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma abin da na fi alfahari da shi. Garin ciyawa da tsakuwar da ake sayarwa a leda daga waje launinsu bai yi kama da namu ba. Sai muka ɗebo jar ƙasa ta gaske, aka shanya ta ta bushe ƙamas, aka soya ta a tsohon kasko don kashe ƙwari da irin ciyawa, aka tankaɗe da rariya har sau biyu. Kafin a zuba, sai a ja maganaɗisu a cikinta. Duk wanda ya ga baƙin garin ƙarfen da yake mannewa a jikinsa ba zai sake tsallake wannan mataki ba, domin a cikin kowane ƙaramin inji akwai maganaɗisu, kuma wannan garin can zai tafi ya cinye shi. Bayan an baza ƙasar da buroshi, sai a fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan a bi da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, ɗigo-ɗigo da sirinji. Sabulun ne ke sa gam ya nutse. In babu shi, sai ruwan ya dunƙule a sama ya kwashe ƙasar ya bar rami.

Itatuwa kuwa daga tsohuwar wayar wuta muka murɗa su. Darbejiya da mangwaro ba su ba da wahala ba, an niƙa soso an rina shi an manna a rassa. Kuka ce ta gagara sai da wata 'yar'uwa ta naɗe gindin da tsumma da gam har ya yi kauri, ta bar rassan tsirara kamar yadda take a rani. Kwanon rufin ɗakunan tasha daga siririn gwangwanin lemo aka yi shi, ana danna shi a kan haƙoran mataji don ya yi layi-layi, sannan a yi masa tsatsa da fenti.

Gadar ba ta kammala ba. Ginshiƙanta sun tsaya, ruwan kogin da duwatsunsa suna nan, amma ƙarafan saman har yanzu na kwali ne na wucin gadi. Wani ƙunshin kaya da muka yi oda tun kafin azumi ya maƙale a hanya watanni, shi ya ja mana wannan jinkiri.

Dole in yi godiya ta musamman ga Baba, dattijonmu da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Ranar da ya zo duba aiki, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sannan ya nuna tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo ya ce, “'Ya'yana, wannan ai sabuwa ce fil. A tasha inda inji ke tsayawa, tsakanin dogo baƙi ne wuluk saboda mai.” Ya kuma gyara mana inda ya kamata ɗakin mai ba jirgi hannu ya fuskanta. Abubuwa irin waɗannan babu su a cikin kwalin kaya, kuma masu saninsu suna ƙarewa. Ina roƙon duk mai dattijo irin wannan a gida ya kawo shi, ko ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya da izininsa.

Sai maganar hoto, wadda bana ta tashi daga abin sha'awar mutum biyu ta zama aikin kowa. Abin da muka gano shi ne kyamara ba ta da kara. Ido yana yafe wa tebur abubuwa da yawa saboda yana kallo daga sama, amma da zarar an kwantar da kyamara daidai tsayin mutumin cikin tebur, komai sai ya fito. A ma'aunin HO, mutum mai tsayin mita 1.7 bai wuce santimita biyu ba, to a nan ya kamata gilashin kyamara ya zauna. Hoton farko da aka ɗauka haka ya nuna mana tagar tasha a karkace, da ɗigon gam yana ƙyalli a gefen dogo, da taragu masu sheƙin roba waɗanda ba su taɓa shan rana ba. Yawancin gyaran da muka yi a rabin shekara na biyu daga hoto ya fito. Yanzu dokarmu ita ce ba a cewa an gama wani ɓangare sai an ɗauke shi hoto daga ƙasa an duba a babban allo.

Matsalar da kowa ya ci karo da ita ita ce kan jirgi ya fito garau, taragon baya kuma ya yi dishi-dishi, abin da ke tona asirin cewa ƙaramin abu ne. Masu babbar kyamara suna rage wannan ta hanyar ƙuntata ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, amma hakan na buƙatar kyamara ta daɗe a buɗe, don haka sai an ɗora ta a kan mazauni ko jakar yashi, a sa ta ɗauka da agogonta ba tare da an taɓa ta ba. Hanyar da ta fi ba mu sakamako ita ce a ɗauki hotuna da yawa daga wuri ɗaya, kowanne an saita shi a kan nisa dabam, daga hancin inji har bangon baya, sannan a haɗe su a kwamfuta su zama hoto guda. Kada masu wayar hannu su karaya. Waya tana da ribar da babbar kyamara ba ta da ita: idan aka kifa ta gilashin ya koma ƙasa, tana shiga har tsakanin taragu, kuma ƙaramin gilashinta yana kama nesa da kusa fiye da yadda ake zato. Hoton da mambobi suka zaɓa a matsayin na ɗaya bana da waya aka ɗauke shi.

Haske ma mun koyi darasinsa. Filashin kyamara yana kashe hoto, haɗa farin ƙwan lantarki da mai ruwan ɗorawa a ɗaki ɗaya kuma yana ɓata launi. Abin da ya fi duka shi ne fitar da gunduwa ɗaya tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar, rana ta bugo ta daga gefe. Labulen bayan tebur da wani ɗan'uwa mai zanen allon talla ya yi mana, da sararin hunturu mai hazo, ya fi shuɗin sama na da dacewa da jar ƙasar nesa ba kusa ba.

Hunturun da ya ƙawata labule shi ne kuma babban abokin gabar dogo. Wutar da ke tafiyar da jirgi ta cikin ƙarfen dogo take bi ta shiga ƙafafun inji, ƙura kaɗan ta isa ta sa shi tsayawa da shaƙuwa. Tela ya ɗinka mana marufi, kuma kafin kowane zama ana goge dogo da tsumma mai tsafta da sifirit. Don Allah a daina amfani da sanfefa. Tana kankare ƙarfen ta bar masa zane, datti kuma a zanen yake zama. Ɗauke wuta ya daina tsayar mana da zama tun da aka haɗa teburin da batirin sola, tunda injinan namu ba su wuce bolt 12 ba.

Gargaɗi biyu ga masu sayen kayan hannu. A duba na'urar sarrafa gudu kafin a jona ta, domin wadda aka yi don Amurka ta bolt 110 zuwa 120 ce, wutarmu kuwa ta kai 230, nan take za ta ƙone. Sannan injinan kamfanin Märklin na HO tsarin wutarsu dabam ne, suna ɗaukar wuta daga tsakiyar dogo, ba za su yi tafiya a teburinmu ba. A tambayi kwamitin fasaha kafin a biya kuɗi.

Mun kai ziyara gidajen mambobi a Kawo da Barnawa da Tudun Wada don ganin teburansu. Na Tudun Wada ya burge kowa: ma'aunin N ne, 1 cikin 160 a kan dogo mai milimita 9, an gina shi a kan tsohon ƙyauren ƙofa, ana tura shi ƙarƙashin gado in an gama. Yaran unguwa ma sun zo kallo a hutun makaranta, kuma wasunsu sun koma gida da itacen waya da suka murɗa da hannunsu.

A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fara da ƙarasa gada, sannan taragun gyaɗa da na auduga da na shanu, waɗanda babu inda ake sayar da irin namu, sai mun ƙera. Muna neman tsofaffin hotunan tasha daga akwatunan gida. Za a kwafa a mayar wa mai shi a ranar. Duk mai son ɗaukar hoto ko awo a harabar tasha ta gaske ya biyo ta ofishin sakatare a nemi izinin hukuma a rubuce tukuna, kada kowa ya je da sunan ƙungiya shi kaɗai. Wanda kuma yake da inji ko tarago na ƙungiya a gidansa ya dawo da shi kafin ranar taro, domin za a ƙirga kaya a gaban kowa.

Allah ya saka wa mai masaukinmu da iyalinsa da alheri, ya ƙara wa dattawanmu lafiya.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Kaduna