Amsa ga mai tambayar "wane bincike Jega ya bari?"

Assalamu alaikum, ƙanena.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a a wajen lacca a Gusau, ka sake maimaita ta a Facebook, ta iso. Ka ce in nuna maka bincike ɗaya tak da Farfesa Attahiru Jega ya bari, wai ba don kujerar shugabancin hukumar zaɓe ta INEC ba, ko a garin Jega sai an yi kwatance kafin a gane shi. Ka ɗora da cewa mu malaman kimiyyar siyasa na wannan yanki muna yabonsa ne don ɗan gida ne. Wannan ta biyun ita ta sosa mini rai, domin ma'anarta ba mu karanta abin da muke koyarwa.

To, ɗaya ka nema, kuma a ƙofar gidanku take, kai da kullum ke bugun ƙirji kai ɗan Mafara ne. Kundin digirin digirgir da Jega ya kammala a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 1985 a kan aikin noman rani na Bakolori ne: gwamnati, talakawa manoma, da yadda aka juya rayuwar karkara. A lokacin babu Zamfara, babu Kebbi, duk Jihar Sakkwato ce.

Bari in tuna maka abin da ake nazari a kai. An tare kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar a 1978, da nufin ban ruwa ga hekta 23,000. Kafin a ja magudanan ruwa sai an karɓi gonaki an baje su da katafila. Da an baje, iyaka ta ɓace, domin itatuwa da kunyoyin da manomi ke gane gonarsa da su sun tafi. Ana nan damina ta wuce ba a yi shuka ba, diyya ta makale, rabon filaye ya zama rigima. Na ƙasan madatsa kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama su shuka shinkafa ta ragu. A watan Afrilu na 1980 manoma suka tare hanyoyin aikin, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Mai son sanin mece ce gwamnati a wajen talaka, a irin wannan wuri yake ganinta, inda ake auna gona, ake rubuta sunan mai ita, ake biya ko a hana. Kundin nan ya zo shekaru 25 kafin kujerar da kake cewa ita ta fito da shi.

Na biyu kyauta ce. A 2000 an buga a Suwidin littafin da ya tace, a kan yadda shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda Babangida ya fara a 1986, ya sauya siyasar ƙabila da addini. Hujjar ita ce, da gwamnati ta janye hannu daga makaranta da asibiti da aikin yi, sai mutane suka koma neman mafaka a ƙungiyoyin ƙabila da na addini, 'yan siyasa kuma suka samu jari. Kana iya ƙin yarda da wannan. Amma sai ka karanta tukuna.

Zancen cewa yajin aiki kawai ya iya ba zan daɗe a kansa ba. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, sojoji suka haramta ƙungiyar, amma yarjejeniyar 1992 ta haifi harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993. Shi ne ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011. Zauren da ka tsaya a ciki ka yi mini tambayar, ka duba allon da ke jikin bangonsa.

Inda kake da gaskiya ba zan ɓoye ba. Wanda ya riƙe Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke Kano, ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, ya zarce INEC har 2015, mulki ya ci masa shekarun da ya kamata a ce yana ƙauye da littafin rubutu. Zaɓen 2011 ma akwai abin tuhuma, tun daga ɗage shi a ranar farko. Da nan ka nufa da mun zauna. Sai dai ban ji wannan tambayar daga bakinka ba a 2015, lokacin da na'urar tantance katin zaɓe ta yi wa mutanenka daɗi. A wancan makon har "Farfesanmu" kake cewa.

Abin da ya fi damuna ma ba kai ba ne. Yau ana ƙara wa malami girma da ƙidayar maƙalu, malami ya biya kuɗi a buga masa a mujallar da babu mai tacewa, kwamiti ya ƙirga ba tare da ya buɗe shafi ba. Ɗalibi ya raba takardar tambayoyi ɗari a harabar makaranta, ya kira shi binciken ƙauye. Ga ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara an tayar, gonaki sun sauya hannu, wasu an bar su saboda 'yan bindiga, amma su wa ke bin bayanan filaye gida gida suna rubutawa? Kai da ka san yaren mutanen, ka san dagatansu, me ya hana ka?

Idan ka karanta kundin ka ga kuskure, kawo mini lambar shafin, zan amsa maka a zauren da ka yi tambayar.

Wassalam,
Yayanka, malamin kimiyyar siyasa, Gusau.