Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayenmu magina, malamai masu zanen gini, da ƙannenmu ɗalibai na nan Bauchi.

Taron wata-wata ya gudana yadda aka tsara, ban da na watan azumi da aka ɗage. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne zaman nazari a kan lambar yabo ta Aga Khan da ake bayarwa a fannin gine-gine. An kafa ta a 1977, ana bayar da ita duk bayan shekara 3, kuma kuɗinta dala miliyan 1 ne da ake raba wa ayyukan da suka yi nasara. Sharaɗinta ne ya ja hankalinmu: gini ba ya shiga takara sai mutane sun yi akalla shekara guda suna amfani da shi, sannan a tura masani ya je ya gani da ido, ya ji ta bakin masu wurin. Ana yaba wa magini da al'ummar da ta sa aka yi aikin kamar yadda ake yaba wa mai zane.

Ranar da aka nuna hotunan masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa ta Nijar, zauren ya yi tsit. Falke Barmu, maginin garin ne ya fara shi a 1962, jama'a suka yi masa gayya, wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa. Daga baya ya ƙara hasumiya 4, kowace da fasalinta. A 1986 aka ba shi lambar. Wani dattijo cikinmu ya matso kusa da allo, ya daɗe yana bin bakan rufin da yatsa, sannan ya ce irin ɗaurin da mahaifinsa ya koya masa ke nan, shi kuwa ya bari ne don ba mai nema. Wannan magana ta tsaya mana a rai, domin da yawanmu mun zana gidaje masu kwano a kan bulo waɗanda ba sa shiguwa da rana a watan Afrilu.

Daga nan muka shirya ziyarar Kafin Madaki, inda ginin da ake danganta shi da Babban Gwani Muhammadu Durugu yake, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ɗalibai sun auna kaurin bango, sun zana yadda aka jera azara. Tsagewar da muka gani a wasu wurare mun rubuta ta, za mu miƙa wa hukuma.

Aikin hannu guda muka yi, gyaran azuzuwan wata Islamiyya a gefen gari. Mun ɗauki dabarar makarantar Gando ta Burkina Faso, wadda mai zanenta Francis Kere ya karɓi lambar da ita a 2004: a ɗaga kwano sama da silin, a bar iska ta ratsa tsakani. Iyayen yara ne suka kawo yashi da ruwa. Sun amince da rufin, amma sun ƙi tubalin ƙasa, suka ce kada a ce 'ya'yansu na karatu a ginin talauci. An yi muhawara mai zafi a kwamiti. A ganina damuwarsu gaskiya ce, tunda su ne za su yi yaɓe duk shekara, kuma ba mu da hurumin tilasta musu sai mun nuna musu bangon ƙasa da ya jure damina.

Saboda haka badi za mu gina ɗakin gwaji da tubali da makuba, mu koma Islamiyyar bayan ruwa ya ɗauke mu tambayi malamai yadda zafi ya kasance. Muna kuma roƙon iyayenmu magina su ba ɗalibai ranakun Asabar a rubuta abin da suka sani. Wanda zai iya ya ba da sunansa wajen sakatare kafin babban taro.

Wassalam,
Sakatare