A duba farashin canji kafin a tura kuɗi Filifin

Edita,

Ina aikin jinya a Jidda tare da 'yan Filifin da dama, kuma duk ƙarshen wata hirarsu ɗaya ce: ta ina riyal zai isa gida da auki?

Wata abokiyar aikina ta daɗe tana bin wani kamfani mai tallan "aike kyauta". Ranar da muka zauna da kalkuleta muka gane a farashin canjin riyal zuwa peso, kuɗin Filifin, ake yankarta. Tun daga nan ba ta kallon kuɗin aike, sai dai peso nawa mahaifiyarta za ta karɓa a hannu.

Turawa kai tsaye cikin manhajojin kuɗi na waya irin su GCash ko Maya ya fi sauri, to amma tsohuwa a ƙauye ba ta saba da manhajar waya ba, ta fi son ta je shagunan karɓar kuɗin aike irin su Cebuana Lhuillier ko Palawan Express a ƙirga mata. Asusun banki kuwa ya fi dacewa da kuɗi masu kauri.

Majalisar Ɗinkin Duniya na son tsadar aike ta sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100 kafin 2030. Don Allah ku riƙa buga farashin kamfanonin nan gefe da gefe.

Mai karatunku, Jidda