A ba tsofaffin motoci fili a bikin Argungu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in miƙa kira ga gwamnatin Jihar Kebbi da Masarautar Argungu. Bikin kamun kifi da aka faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya saba da harkar mota. A 2020 hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya, zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta shirya tafiyar motoci daga Abuja har Argungu don tallata waɗanda ake haɗawa a gida. An kyauta. Amma sababbi ne. Abin da nake nema shi ne a ware rukunin gasa na musamman ga tsofaffin motoci a bikin.

Muna da su kuwa. Duk wanda ya girma a nan ya san Pijo 404 da 504, ya san Landiroba da ta yi ta ratsa fadama da yashi. Tun 1975 ake haɗa Pijo a Kaduna, kuma a shekarar 1975 ɗin ce 504 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya, bayan 404 ta cinye ta sau huɗu tsakanin 1963 da 1968. Wato motar da ta yi jigilar iyayenmu zuwa kasuwar Jega tana da tarihin tsere. Abin takaici, yau a bayan gareji suke kwance, 'yan gwangwan na sara su suna aunawa a kilo. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga haka.

Masu tsoron haɗari suna da gaskiya, shi ya sa ba gudun ganganci nake nufi ba. A Italiya an dawo da gasar Mille Miglia a 1977 domin tsofaffin motoci, kuma wanda ya fi kiyaye lokacin da aka ƙayyade masa tsakanin zango da zango shi ke yin nasara, ko da an riga shi isowa. Irin wannan tsari zai dace da hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, jami'an kiyaye haɗurra su duba burki da taya kafin a tashi, a kuma killace inda jama'a za su tsaya.

Batun 'yan kallo shi ne babba. Mutanenmu ba za su fito rana don ganin ƙura ta wuce ba. A jera motocin da safe kusa da gidan tarihi na Kanta, a buɗe bonet, a bar yara su leƙa inji, mai motar ya faɗi inda ya samo ta da garuruwan da ta je. A sa maroƙa da makaɗa su yi wa kowane direba kirari yadda ake yi wa 'yan kokawa, gidajen rediyo su fara shela tun da sauran wata guda, shiga kuma kyauta. A kuma tanadi kyauta ga bakaniken da ya tayar da motar, domin tsofaffin kanikawan da suka iya waɗannan injuna suna ƙarewa, yaransu kuma sun koma gyaran babur.

Kafin biki na gaba, ina roƙon kwamitin shirye-shirye ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi da ta kanikawa a buɗe rajistar duk tsohuwar motar da ta rage a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri da Zuru.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Birnin Kebbi