Sanarwa ga ƴan rukuni, kan littahin nan da taron asabar

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Littahin da ɗiyata ta aro a lakwal na gama shi jiya wajen ƙarhe 2 na dare da hitilar salula saboda an ɗauke wuta, wallahi na kasa ajewa. Da faransanci yake, labarin wasu yara biyu ne da suka tsinci tsohuwar wasiƙa cikin adakar kakarsu suka dinga bin sawu har suka gano wanda ya sace hatimin sarki a zamanin da. Ƙarshen an yi gaugawa, wannan kam bai min ba, amma yadda marubucin ya saƙa tarihi cikin labarin yaro na koyo bai ma san yana koyo ba, abin ya burge ni matuƙa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne mu nan Damagaram muna da abin rubutawa tuli. Ga Sarki Tanimun da ganuwar Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da igwoyin da aka ƙera a garin nan, ga kisan Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa, a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, ga yaƙin Tirmini da aka yi da sojojin Faransa a 1899. Na tambayi ɗiyata ko ta san Zinder ce babban birnin Nijar kahin a maida shi Yamai a 1926, ta yi shiru, raina bai ji daɗi ba.

To asabar bayan la'asar mu haɗu inda muka saba, don Allah a zo da yara da kaye da biro, mu leƙa Birni su ga abin da ya rage na ganuwar da idonsu. Mai kaka da ke ba da labari ya ɗauko mana muryarta a salula.