Zuwa ga Babangida, kan maganar da kawunka ya kawo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Maryam da yara.

Kawunka Sale ya zo ranar Juma'a da maganar da ta hana ni barci. Wai an gurfanar da wani yaro a gabanka fuska a kumbure, ya ce sai da aka lakaɗa masa duka kafin ya dangwala yatsa a takardar amsa laifi, kai kuma ka ce ba za ka zubar da mutuncin hukuma a kan maganar ɓarawo ba. In ƙage aka yi maka, ka kira ni ka faɗa. In kuwa haka aka yi, to ka saurara.

Tun kana jami'a ba ka da zance sai na Lord Denning, shahararren alƙalin nan na Ingila, har hotonsa ka manna a bangon shagonka, yana nan Innarka ta hana a cire. Ban taɓa hana ka ba, don mutumin ya isa a so shi. Ɗan mai sayar da yadi ne a garin Whitchurch, an haife shi a 1899. Lissafi ya fara karantawa a Oxford kafin ya koma shari'a. Ya zama alƙalin Babbar Kotu a 1944, ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1948, ya kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, a 1957, sannan a 1962 ya yarda ya sauko ya shugabanci ɓangaren shari'un jama'a na Kotun Ɗaukaka Ƙara, shekara 20 cur. Shi ne ya tsaya wa matar da miji ya gudu ya bari, kada a watso mata kaya waje daga gidan aurenta.

To wannan mutumin, a 1980, aka kawo masa ƙarar mutum shida da aka yi wa ɗaurin rai da rai kan bama-baman Birmingham na 1974, inda mutum 21 suka mutu. Suka ce 'yan sanda dukansu suka yi. Ya kori ƙarar. Hujjarsa ita ce in suka ci nasara, ke nan 'yan sanda sun yi rantsuwar ƙarya, an kuma ɗaure marasa laifi, abin ya yi munin da ba za a bar shari'ar ta ci gaba ba. A 1991, yana raye yana gani, aka soke hukuncin ɗaurin da aka yi musu, bayan sun kwashe shekara 16 a kurkuku.

Mai ilimi irin nasa ya faɗa wannan rami, balle kai da ko shekara biyu ba ka cika a kujerar majistare ba! Don wannan na sayar da gonar fadama? Ka manta abin da ya sami Audu, da yadda kakarka ta ƙare a kansa? Ka sha cewa na cika tsanani. Tsananin nan ne ya kai ka inda kake, kuma ba zan yi shiru ina kallo ka fara jin kunyar kaki fiye da tsoron Allah ba.

Na san akwai matsi, na san ana buga maka waya daga sama. Ba mugu na haifa ba. Ka sa a dawo da yaron, likita ya duba shi, ka saurare shi da kunnenka.

Innarka na gaishe ku, ta ce a kawo mata yara da Sallah. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.