Masu ba da kwangilar manhaja a Kebbi, ku sa ƙa'ida cikin yarjejeniya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Sana'ata rubuta manhaja a Birnin Kebbi, amma yanzu yawancin kiran da ake min na gyaran aikin wani ne. Makarantun kuɗi, asibitoci, ƙungiyoyin manoman shinkafa, kowa na son manhaja, sai dai takardar yarjejeniya ba ta wuce farashi da ranar miƙa aiki.

Wata ƙungiyar manoma a yankin Argungu ta kawo min tata. Lambobin BVN da NIN na mambobi suna zube, duk wanda ya shiga zai karanta. Ma'aikata duka kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita, wanda ya yi aikin kuma ya tafi da ainihin rubutun manhajar. Shugabansu, dattijo mai kirki, ya ce min, "Ɗana, ai tana aiki." Tana aiki kam.

Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, a wuyan mai riƙe da bayanan ta rataya alhakin. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, awa 72 ke gare shi ya sanar da hukumar. To, manhajar da ba ta rubuta wa ya shiga da yaushe, ta yaya za a ma gane an yi kutsen?

Ba na cewa kowa ya nemi shaidar ISO/IEC 27001, wato ma'aunin tsaron bayanai na duniya, kuɗinta ya fi ƙarfin ƙananan kamfanoninmu. Amma jerin manyan haɗurran tsaro goma na OWASP, ƙungiyar masu kula da tsaron manhaja, kyauta yake a intanet, haka ma Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa rubutun manhaja. A rubuta cikin yarjejeniya cewa duk canjin da aka yi za a adana shi da sunan wanda ya yi, wani daban ya duba kafin a saki, a kuma ajiye sakamakon gwaji. Wannan hujjar ana tara ta ne lokacin da ake aikin. Wadda aka haɗa daren miƙa aiki ta bogi ce. Kuɗi kuma a biya kashi-kashi, in an ga hujja.

Ina roƙon malamanmu na jami'ar Aliero da kwalejin Waziri Umaru su ware maki na musamman ga gwaji da rubuta bayanin aiki a furojet ɗin ɗaliban shekarar ƙarshe.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Birnin Kebbi